Yadda Ake Gano Tsohon Matsin Ɓawon Ƙasa Daga Tsagogin Duwatsun Gombe da Bauchi

Duk wanda ya taɓa tsayawa a gindin dutsen Bima, ko ya bi kwazazzaban da ke kewaye da garin Gombe da rani, ya ga yadda duwatsun suka tsattsage, wasu shimfiɗun kuma sun karkata kamar an jingina su da bango. Ƙarfin da ya yi wannan aiki ya gushe tun shekaru miliyoyi da suka wuce, kuma babu na'urar da za a kafa yau ta auna shi. Abin da ya rage shi ne sawunsa: tsaga, karce, lanƙwasa da jijiyoyin ma'adinai. Aikin mai bincike ya yi kama da na maharbin da ya iske sawu a bakin rafi, wanda daga zurfin sawun da inda ya fuskanta yake gane dabbar da ta wuce da inda ta nufa. Wannan bayani na ɗaliban ilimin duwatsu ne da masu neman ruwa ko ma'adinai a jihohin Bauchi da Gombe, kuma abin da zan fi nanatawa a cikinsa shi ne cewa yawancin aikin a gaban dutse ake gama shi, ba a gaban kwamfuta ba.

Abin da ake nema tun farko

A kowane wuri cikin ɓawon ƙasa dutse yana shan matsi ta ko'ina, amma ba daidai wa daida ba. Masana suna taƙaita wannan hali da fuskoki uku waɗanda kowace ta gitta sauran biyun da digiri 90: babban matsi, wanda ake kira sigima 1, da matsakaicin matsi, sigima 2, da ƙaramin matsi, sigima 3. Burin binciken shi ne a san inda kowace daga cikin fuskokin nan ta dosa a lokacin da dutsen ya tsage.

Wani masani ɗan Sikotland mai suna E. M. Anderson ya kawo sauƙi a wannan al'amari tun 1905. Ya lura cewa tunda iska ba ta iya riƙe doron ƙasa ta ja shi gefe, dole ne a kusa da doron ƙasa ɗaya daga cikin fuskokin uku ta kasance a tsaye, sauran biyun kuma a kwance. Daga nan tsagar zamiya, wato tsagar da ɓangarorinta biyu suka goce wa juna, ta kasu gida uku. Idan babban matsi ne a tsaye, ƙasa na buɗewa ke nan, sai ɓangaren sama ya sulluɓo ƙasa a kan tsagar da gangarenta ya kai kimanin digiri 60. Wannan ita ce tsagar faɗawa. Idan ƙaramin matsi ne a tsaye, ana matse ƙasa ke nan ta gefe da gefe, sai ɓangaren sama ya hau kan ɗan'uwansa a kan tsaga mai gangaren kimanin digiri 30. Wannan ita ce tsagar hawa. Idan kuwa matsakaicin matsi ne a tsaye, tsagar kanta takan miƙe tsaye, ɓangarorin su gitta juna a kwance, ɗaya ya yi hagu ko dama. Wanda bai riƙe waɗannan siffofi uku a kansa ba, kada ya ɗauki guduma tukuna.

Sanin ƙasa kafin a fita

Ba a karanta tsaga ba tare da an san shekarun dutsen da take cikinsa ba, domin tsaga ba ta girmi dutsen da ta tsaga. A nan mun yi sa'a, saboda jihohin nan biyu suna ɗauke da duwatsu na zamunna masu nisa da juna. A kewayen garin Bauchi akwai tsoffin duwatsun gindi waɗanda suka sha gagarumar matsa kimanin shekara miliyan 600 da suka wuce, ciki har da dutsen nan mai duhun kore da Farfesa Oyawoye ya laƙaba wa suna daga sunan Bauchi, wato bauchite. A Ningi da Burra da Zaranda akwai duwatsun giranit masu siffar zobe waɗanda ba su kai na gindi tsufa ba, 'yan zuriyar da shekarunta suka kama daga kimanin miliyan 213 a wajen garin Dutse na jihar Jigawa zuwa miliyan 141 a Afu ta jihar Nasarawa. A gabas kuma akwai kwarin Binuwai, wanda tsawonsa ya kai kusan kilomita 1000, ya kuma samu ne a lokacin da Afirka take rabuwa da Kudancin Amurka. Reshensa na Gongola shi ne ya ratsa jihar Gombe.

Jerin shimfiɗun wannan reshe daga ƙasa zuwa sama abu ne da ya kamata a haddace: dutsen yashi na Bima, wanda ya haura shekara miliyan 100, sai Yolde, sai Pindiga mai yumɓu da dutsen siminti irin wanda ake haƙa a Ashaka, sai dutsen yashi na Gombe, sannan Kerri-Kerri da ya rufe su ta yamma a wajen Dukku da Darazo da Alkaleri. Taswirar da Carter da Barber da Tait suka fitar a 1963 ƙarƙashin hukumar binciken duwatsu ta Nijeriya har yau tana da amfani, haka ma aikin da Bafaranshen nan Jean Benkhelil ya yi a shekarun 1980, wanda ya nuna cewa manyan tsagogin da suka doshi arewa maso gabas, masu gittawa hagu, su suka tsara buɗewar kwarin. A karanta waɗannan, amma a karanta su don sanin hanya, ba don a je daji da amsa a aljihu ba.

Kayan aiki ba su da yawa: kamfas mai awon gangare, guduma, madubin ƙara girma, littafin rubutu mai kauri, fensir, alli ko alƙalamin da ke kama dutse, buroshin share ƙura, da na'urar GPS ko waya. Lokacin da ya fi dacewa shi ne daga Nuwamba zuwa Maris, bayan an girbe amfanin gona ciyawa ta kwanta, rafuffuka sun ƙafe. Kafin a shiga gona ko a hau dutse a je a gai da mai unguwa ko dagaci a faɗa masa abin da ya kawo mutum, domin baƙon da aka gani yana ƙwanƙwasar dutse yana rubuce-rubuce, nan da nan za a ce zinariya yake nema. Wurin fasa dutse na kamfani kuwa ba a shigarsa sai da izini a rubuce.

Zaɓen wuri da tace tsagogi

Ƙa'idar farko ita ce a tara awo daga wuri guda ƙarami, kamar bango ɗaya na mahaƙar dutse, ko yankan hanya ɗaya, ko wani yanki na rafi da bai wuce 'yan ɗaruruwan mita ba, kuma a cikin dutse iri ɗaya. Dalili shi ne duk lissafin da za a yi daga baya ya ginu a kan zaton cewa matsi iri ɗaya ne ya game wurin. Wanda ya ɗebo awo biyar daga Kaltungo, biyar daga Dadin Kowa, biyar daga Bajoga, ya zuba su a kwano ɗaya, ya haɗa abin da bai haɗu ba. Haka nan gara a ɗan nisanci jikin babbar tsaga, domin a kusa da ita matsi yakan karkace ya bar fuskarsa ta yanki. Ƙananan tsagogin da suka goce da 'yan santimita ko 'yan mita su suka fi faɗin gaskiya.

Sai tacewa, domin ba kowace tsaga ce 'yar matsin ɓawon ƙasa ba. Duwatsun da suka yi ƙusumbi a cikin garin Bauchi da kewayensa suna ɓarewa falle-falle kamar albasa, kuma wannan ɓarewa tana bin siffar doron dutsen ne saboda nauyin da ke kansa ya kau. Ba a saka ta cikin lissafi. Baƙin dutsen aman wuta irin na tsaunin Biu yana tsagewa ginshiƙi-ginshiƙi saboda hucewa bayan narkewa. Inda aka fasa dutse da nakiya ana ganin tsagogi sun fito daga rami ɗaya sun bazu kamar wayoyin ƙafar keke. Ga kuma kuskuren da ya fi kowanne ban takaici: mutum ya share awa guda yana auna dutsen da ya gangaro daga sama tun tuni ya kwanta a gindi. Kafin a ɗora kamfas a tabbatar dutsen yana nan a mazauninsa na asali, ta hanyar duba ko shimfiɗunsa sun dace da na maƙwabtansa.

Awon tsagar zamiya

Kowace tsagar zamiya tana bukatar abubuwa uku, kuma idan ɗaya ya ɓace awon ya zama gurgu. Na farko shi ne kwanciyar fuskar tsagar: inda gangarenta ya fuskanta da yawan gangaren. Na fi son a rubuta su da lamba biyu kawai, misali 215/62, wato tana gangarawa wajen digiri 215 daga arewa, da gangaren digiri 62, saboda wannan salo ba ya barin wurin ruɗani. Na biyu shi ne layin karce, wato zanen da gogayyar ɓangarorin biyu ta bari a fuskar tsagar. Ana zana layi a kwance a jikin fuskar da alli, sannan a auna kusurwar da ke tsakaninsa da karcen, daga 0 zuwa 90, a kuma rubuta ɓangaren da aka fara awon daga gare shi, gabas ne ko yamma. Kusurwa kusa da 90 tana nuna faɗawa ko hawa, kusa da 0 kuma gittawa. Idan fuskar ta kusa kwanciya, ya fi sauƙi a auna inda karcen ya dosa da yawan nutsewarsa kai tsaye. A tuna a nisantar da guduma da waya daga kamfas, kuma a kan baƙin dutsen aman wuta a yi hattara, domin ƙarfen da ke cikinsa yana iya jan allurar.

Na uku, wanda shi ne ƙashin bayan aikin duka, shi ne wajen da ɓangaren ya tafi. Karce yana nuna layin tafiya, amma ba ya faɗin ko sama aka yi ko ƙasa, hagu ko dama. Idan aka juya wannan, babban matsi da ƙaramin matsi sun musanya wuri ke nan, a ce ƙasa ta buɗe alhali matse ta aka yi.

Shaida mafi ƙarfi ita ce a ga wani abu sananne da tsagar ta yanke ta raba, kamar shimfiɗar tsakuwa a cikin dutsen Bima ko farar jijiyar ƙanƙarar dutse a cikin giranit, a kuma haɗa wannan rabuwa da layin karce. Rabuwar ita kaɗai tana iya yaudara, domin shimfiɗa mai karkata idan tsagar faɗawa ta yanke ta, ruwa ya share saman, sai ta bayyana a ƙasa kamar an gitta ta gefe. Shaida ta biyu ita ce zaren ma'adini, galibi kalsait, wato ma'adinin dutsen siminti, ko ƙanƙarar dutse, wanda ya tsiro a cikin 'yan guraben da zamiya ta buɗe, ya bar fuskar da ƙananan matakala. A nan ne dabarar shafa hannu take aiki: wajen da tafin hannu ya bi sumul ba tare da matakalar ta tare shi ba, nan ne ɓangaren da ya ɓace, wato wanda a da yake manne da fuskar da ake shafawa, ya nufa. Wannan dabara tana da kyau a dutsen siminti irin na Ashaka, inda kalsait yake da yawa.

Amma a dutsen yashi, wanda shi ya fi yawa a Gombe, shafa hannu yana iya jefa mutum rami. A can matakalar sau da yawa ba zaren ma'adini ba ce, ƙananan tsagogi ne da ake kira da sunan Riedel, waɗanda suke barin babbar fuskar da kusurwar kimanin digiri 15 su nutse cikin dutsen wajen da ɓangaren da ya ɓace ya tafi. Idan leɓensu ya ɓalle, matakalar da ta rage tana fuskantar akasin ta zaren ma'adini. A dutsen siminti ma akwai wata matakala mai ƙananan haƙora wadda narkewar dutse ƙarƙashin matsi take haifarwa, ita ma akasin zaren take fuskanta. Saboda haka kafin a yanke hukunci a sa madubi a gane wace irin matakala ce. Hasken safiya ko na la'asar, wanda ke zuwa a karkace, yana fito da waɗannan alamomi fiye da hasken tsakar rana, kuma ɗan yayyafa ruwa a fuskar yakan taimaka.

A gaban kowane awo a rubuta matsayinsa: tabbas, mai yiwuwa, ko zato. Ni a ganina awo 15 na tabbas sun fi 60 na zato, kuma babu abin kunya a rubuta cewa ba a gane wajen tafiyar ba.

Shaidun da ba su da karce

Akwai alamomin da ba sa bukatar dogon lissafi, kuma su ne ma'aunin da za a gwada sakamakon kwamfuta da shi daga baya. Tsagar da ta buɗe kawai ba tare da zamiya ba, da jijiyar ma'adini da ta cika irin wannan tsaga, da katangar narkakken dutse da ta kutsa ta daskare, dukansu suna buɗewa ne wajen ƙaramin matsi, wato ƙaramin matsi ya gitta fuskarsu da digiri 90. Jijiyoyin barait, wani ma'adini mai nauyi, da ake haƙa a dutsen Gombe da na Liji suna cikin irin abin da ya cancanci a auna. A dutsen siminti kuma a nemi wani siririn layi mai duhu mai kama da haƙoran zarto, wanda ake kira sitailolait. Haƙoransa suna nuna babban matsi kai tsaye. Wanda ya kwanta tare da shimfiɗa haƙoransa na kallon sama, nauyin binnewa ne ya yi shi. Wanda ya gitta shimfiɗa haƙoransa a kwance, shi ne shaidar matsa daga gefe. Duwatsu masu zobe na Ningi da Burra kuwa labarinsu daban ne, domin katangunsu masu kewaye suna nuna turin narkakken dutsen da ya taso daga ƙasa a wannan wuri kaɗai, ba matsin yanki gaba ɗaya ba.

Mafi daɗin samu shi ne tagwayen tsagogi, wato jeri biyu da suka samu lokaci guda suka gitta juna kamar almakashi. Babban matsi yana raba matsattsiyar kusurwar da ke tsakaninsu biyu, ƙaramin matsi yana raba buɗaɗɗiyar, matsakaici kuma yana bin layin da suka haɗu. A ɗauki misali: a wani rafi an samu tsagogi a tsaye masu karce a kwance, jeri ɗaya ya doshi digiri 125 yana gittawa dama, ɗayan ya doshi digiri 5, wanda daidai yake da 185, yana gittawa hagu. Tsakaninsu digiri 60 ne, tsakiyarsa kuma 155. Babban matsi ke nan a kwance wajen 155, ƙaramin matsi a kwance wajen 65, matsakaici a tsaye. Idan wannan karatu daidai ne, ya kamata jijiyoyin zamanin su miƙe wajen 155, haƙoran sitailolait su nuna 155, lanƙwasar shimfiɗu kuma doronta ya miƙe wajen 65. Sharaɗi shi ne a tabbatar tagwayen na gaskiya ne: wani wuri na farko ya yanke na biyu, wani wuri na biyu ya yanke na farko. Idan kullum ɗaya ne ke yanke ɗaya, wa da ƙane ne, ba tagwaye ba.

Wa ya riga wa

Sawun giwa ya take na raƙumi, haka al'amarin yake a jikin dutse. Ƙasar da ta buɗe a wani zamani aka matse ta a wani, tsagoginta na zamunna biyu suna nan cakuɗe a bango ɗaya, kuma wanda bai raba su ba zai fito da matsakaicin abin da bai taɓa faruwa ba. Ana rabawa ne da ido a wurin. Tsagar da ta yanke wata ta gocar da ita, ita ce ƙarama a shekaru. Tsagar buɗewa da ta zo ta tsaya a jikin wata ba ta ƙetare ba, ita ma ita ce ƙarama. Idan aka ga karce iri biyu a fuska ɗaya, a duba wanda ya shafe ɗan'uwansa, a rubuta su a matsayin awo biyu tare da faɗin na farko da na biyu. Irin wannan fuska ta fi goma marasa irinta daraja. A dutsen Bima akwai kuma tsagogin da suka motsa tun yashin bai daskare ba, ana gane su da yadda shimfiɗa take yin kauri a ɓangare ɗaya, da yadda gocewar take ƙarewa a ƙarƙashin wata shimfiɗa da ba ta tsage ba. Guiraud da Plaziat sun bayyana a 1993 alamomin girgizar ƙasa da suka samu a cikin wannan yashi, waɗanda suka faru tun ana zuba shi.

Jerin shimfiɗu shi ke ba da iyakar shekaru. Dutsen yashi na Gombe, wanda aka zuba gab da ƙarshen zamanin da masana duwatsu ke kira Kiretashiyos, ya karkata ya lanƙwashe, amma Kerri-Kerri da ke kansa galibi a kwance yake. Ke nan matsar da ta lanƙwasa duwatsun yankin, wadda ta zo tsakanin arewa maso yamma da kudu maso gabas, ta auku ne a tsakanin zuba su biyun, wajen shekara miliyan 66 da suka wuce. Babbar lanƙwasar Lamurde, mai doro wajen arewa maso gabas, ta dace da matsa daga wannan fuska. Don haka yana da kyau a auna wurare a shimfiɗu daban-daban, kowane da lissafinsa, sannan a ga wane matsi ne ya bayyana a tsoffi kaɗai, wane ne kuma ya kai har matasa.

Inda shimfiɗu suka karkata akwai ƙarin tambaya: tsagar ta riga karkatar ne ko ta biyo bayanta? A auna kwanciyar shimfiɗa a kowane wuri, ko da ba a ga amfanin hakan nan take ba. Idan tagwayen tsagogin faɗawa suka nuna babban matsin da ba a tsaye yake ba, amma ya gitta shimfiɗa da digiri 90, to sun samu ne tun shimfiɗar tana kwance, kuma dole a mayar da awon yadda yake kafin karkata sannan a yi lissafi.

Daga littafi zuwa lissafi

Da dare, tun abin yana sabo a kai, a zuba awon ranar a kan sitiriyonet, wato da'irar nan da ake zana fuska a matsayin baka, layi kuma a matsayin ɗigo. Ya kamata ɗalibi ya yi wannan da takarda mai shara-shara da fensir ko da sau ɗaya kafin ya koma kan manhaja, domin a nan ne ake gane awon da aka rubuta ba daidai ba, kamar karcen da bai faɗa a kan fuskarsa ba, tun ana iya komawa wurin washegari.

Tushen lissafin shi ne abin da Wallace ya faɗa a 1951, Bott kuma ya ƙarfafa a 1959: tsaga tana zamewa ne wajen da ƙarfin ja na gefe ya fi yawa a fuskarta. Wannan ya ba da damar amfani da tsoffin tsagogin da sabon matsi ya tayar, ba sai sababbi masu bin kusurwar Anderson ba. Carey da Brunier su suka fara juya lissafin a 1974, wato daga karce a koma ga matsi, Jacques Angelier kuma ya inganta shi. Hanya mafi sauƙi ita ce wadda Angelier da Mechler suka kawo a 1977: ga kowace tsaga a zana fuska ta biyu da ta gitta layin karce da digiri 90, fuskokin biyu su raba da'ira gida huɗu, biyu na matsewa biyu na buɗewa. Idan aka ɗora tsagogi da yawa a kan juna, wurin da ya rage a cikin gidan matsewa na dukansu nan babban matsi yake, wanda ya rage a gidan buɗewa kuma nan ƙaramin matsi yake. Manhajoji irin su Win-Tensor na Damien Delvaux da FaultKin na Richard Allmendinger suna yin irin wannan aiki cikin ƙiftawar ido, kuma kyauta ake samunsu a intanet.

Cikakken lissafi yana fito da abubuwa huɗu: uku na fuskokin matsi, na huɗu kuma wata lamba tsakanin 0 da 1 da ke nuna ko matsakaicin matsi ya fi kusa da ƙarami ko da babba. Ana samunta ne idan aka cire sigima 3 daga sigima 2, aka raba da abin da ya rage bayan cire sigima 3 daga sigima 1. Tunda abubuwan da ake nema huɗu ne, a ƙa'ida tsagogi huɗu masu fuskoki mabambanta sun isa, amma a aikace ana son 15 zuwa 30 a kowane wuri, kuma bambancin fuskokinsu ya fi yawansu muhimmanci: tsagogi 40 masu kwanciya ɗaya tamkar tsaga ɗaya ce aka maimaita. Ga kowace tsaga manhajar tana nuna tazarar da ke tsakanin karcen da aka auna da wanda lissafi ya yi hasashe. Tazarar da ba ta kai digiri 20 ba ana karɓarta, wadda ta haura 30 kuma alama ce ko dai tsagar ta wani zamani ce ko an yi kuskure wajen karanta ta.

A nan ne jarrabawar gaskiya take. Manhaja ba ta ƙin ba da amsa, ko me aka zuba mata, kuma abu ne mai sauƙi mutum ya yi ta zubar da tsagogin da suka ƙi dacewa har sai hoto ya yi kyau, ko ya bar ta ta yanka masa awonsa gida biyar ya kira su zamunna biyar. Kowane rukuni da aka ware dole ya samu shaida daga littafin daji: wane ya yanke wane, wane karce ya hau kan wane, wace jijiya ko wace lanƙwasa ta goyi bayansa. A rahoto kuma a faɗi adadin awon da aka yi, da adadin da aka yi amfani da su, da dalilin ajiye sauran.

Nauyin matsin da amfanin sakamako

Karce yana ba da fuska da waccan lamba, amma ba ya faɗin yawan ƙarfin. Wanda yake son wannan sai ya ƙara wata shaida. Nauyin duwatsun da ke sama yana ƙaruwa da kimanin megafaskal 25 (megafaskal ma'aunin matsi ne) a kowace kilomita ta zurfi, don haka idan an san zurfin binnewa an san matsin da ke tsaye. Ƙwayoyin kalsait kuma suna yin wasu siraran layuka a cikinsu idan ƙarfin ja na gefe ya kai kimanin megafaskal 10, waɗanda ake aunawa a ƙarƙashin madubin ɗakin gwaji. Wannan yana bukatar samfurin da aka zana wa alamar arewa da layin kwance da gefen sama tun yana manne a jikin dutse, kafin guduma ta taɓa shi.

Masu haƙar rijiyar burtsatse a duwatsun gindi na Bauchi, inda ruwa ba ya zama sai a ruɓaɓɓen saman dutse da cikin tsagogi, suna amfana da sanin jerin tsagogin yanki da inda suke haɗuwa. Haka masu bin jijiyar ma'adini, da masu nazarin tarkon man fetur irin na Kolmani a kan iyakar jihohin biyu, inda aka sanar da samun mai a 2019. Sai dai tsohon matsi shi ya yanka tsagogin, matsin yau kuma shi ke buɗe wasu ya rufe wasu, kuma ba lallai fuskokinsu su zo ɗaya ba. Tsagar da ta miƙe tare da babban matsin kwance na yanzu ita ta fi yiwuwar zama a buɗe, kuma ana gane wannan fuska daga yadda bangon rijiya mai zurfi yake ɓarewa ta gefe biyu masu kallon juna, waɗanda suke nuna ƙaramin matsin kwance. Don haka kafin a kafa injin haƙa a kan wata tsaga saboda taswirar tsohon matsi, a haɗa da awon lantarki na ƙarƙashin ƙasa a gicciyen tsagar, a kuma tambayi zurfin da aka samu ruwa a rijiyoyin da ke kusa.